Yadda Ake Saiti da Sakin Tsarkiya don Kibiya Ta Sauka Inda Aka Nufa

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu kallo, musamman matasanmu mazauna Makka, Madina, Jidda da Riyad waɗanda suka soma zuwa filayen harbin kibiya. A gasar Olamfik ana tsayar da maharbi mita 70 daga allon da zai harba, faɗin allon santimita 122 ne, amma da'irar tsakiya mai maki goma ba ta wuce santimita 12.2 ba. Idan tsakanin idon maharbi da ƙarfen saitinsa, wato ɗan ƙarfen da ake ɗaura wa baka don auna allo, akwai kusan mita ɗaya, to kaucewar milimita ɗaya tak a wajen fuskarsa tana zama kusan santimita 7 a kan allo, kuma wannan kaɗai ya isa ya fitar da kibiya daga da'irar goma. Saboda haka yawancin bayanin da za mu yi ya shafi abin da ke faruwa a jikin maharbi kafin kibiya ta bar baka.

A fara da tsayuwa. A buɗe ƙafafu daidai faɗin kafaɗu, a raba nauyin jiki a kansu biyu, kada a jingina baya don nauyin baka. Hannun da ke riƙe da baka shi ne wurin da sababbin maharba suka fi yin kuskure, domin suna damƙe shi da ƙarfi don tsoron kada ya faɗi, alhali damƙar ce ke murɗa bakan a daidai lokacin da kibiya ke fita. Abin da ake so shi ne mariƙin ya zauna a kan tsokar gindin babban yatsa, sauran yatsun su kasance a sake, a kuma ɗaura 'yar igiya a yatsu ko a wuyan hannu don ta tare bakan bayan harbi.

Wajen jan tsarkiya, masu bakan gasa suna sa yatsu uku, ɗaya a saman kibiya, biyu a ƙasanta, su maƙale tsarkiyar a gaɓar farko ta yatsun. Maharban gargajiya na Larabawa da Turkawa kuwa da babban yatsa suke ja, suna sanye da zobe mai kare fata, kuma har yau akwai masu raya wannan salo. Ko wanne mutum ya zaɓa, dole ne hannun ya isa wuri ɗaya a fuska a kowane harbi. Mai amfani da ƙarfen saiti yakan kafa hannunsa a ƙarƙashin muƙamuƙi, tsarkiya ta taɓa ƙarshen hancinsa da haɓarsa, wanda ba shi da saiti kuma yakan kai yatsa gefen bakinsa. A kawo tsarkiya wurin fuska, kada a miƙa wuya don a tarye ta.

Kafin a yi maganar saiti, ya kamata mutum ya san idon da ya fi rinjaye a wurinsa. Ya miƙa hannuwansa biyu, ya haɗa su ya bar 'yar kafa a tsakani, ya hango wani abu mai nisa ta cikinta, sannan ya rufe ido ɗaya bayan ɗaya. Idon da abin bai ɓace masa ba shi ne mai rinjaye, kuma ya fi kyau a ja tsarkiya ta ɓangarensa.

Abin da ke ruɗa mutane da yawa shi ne, ƙarfen saiti ba ya tsayawa cak a tsakiyar allo, ko a hannun gwanayen duniya. Yana ɗan yawo ne, kuma wanda ya ce sai ya tsayar da shi zai daɗe riƙe da baka har tsokarsa ta gaji, rawar hannun ta ƙaru. A zuba ido a kan rawayar tsakiya, wato da'irar tsakiyar allo mai launin rawaya, a bar saitin ya yi yawonsa a cikinta, a ci gaba da ja. Daƙiƙa biyu zuwa uku sun isa, idan kuwa harbin bai zo ba, a sauke baka a hankali a sake farawa, babu abin kunya a cikin hakan.

Sakin tsarkiya shi ne wurin da ya kamata mu daɗe. Ƙarfin da ke riƙe da baka a buɗe ya kamata ya fito daga tsokar baya, wadda ke jan allon kafaɗa zuwa ƙashin baya, gwiwar hannu tana zagayawa ta bayan kai. Idan haka ta samu, maharbi ba ya buɗe yatsunsa da gangan, domin tsarkiya ta fi kowane yatsa sauri. Sassauta su kawai yake yi, tsarkiyar ta ture su ta wuce, kamar yadda mariƙin bokiti mai nauyi ke zamewa daga hannun da ya daina riƙo. Alamar sakin da ya yi kyau ita ce hannun ya koma baya da kansa yana bin gefen wuya. Idan hannun ya yi tsalle gefe, an fizgi tsarkiya ke nan, kibiyoyi za su warwatsu hagu da dama, idan kuma ya ɗan matsa gaba kafin saki, ƙarfin jan ya ragu kuma kibiya za ta sauka ƙasa. Haka nan sauke hannun baka da wuri don leƙen inda kibiya ta je yana jefa ta ƙasa, don haka a bar hannun a miƙe har a ji saukarta.

Wasu maharba sukan kamu da wata matsala ta fargaba, inda yatsu ke saki da kansu da zarar saiti ya taɓa rawaya. Maganin da masu horarwa suka saba bayarwa shi ne a cire takardar allo gaba ɗaya, a tsaya mita uku zuwa biyar, a yi ta harbi ba tare da auna komai ba, hankali yana kan baya da yatsu. A ganinmu wannan atisaye ya fi amfani ga sabon maharbi fiye da sayen sabon saiti, musamman idan nauyin jan bakansa bai wuce laba 20 zuwa 24 ba, domin baka mai nauyi yana koya wa jiki saurin saki.

Kada a taɓa saiti saboda kibiya ɗaya. A harba shida, a duba inda suka taru, sannan a matsar da saitin zuwa ɓangaren da suka taru: idan sun yi hagu a kai shi hagu, idan sun yi sama a ɗaga shi sama. Mita 18, wato tazarar gasar cikin ɗaki mai allon santimita 40, ta isa wannan aiki.

Yanayin ƙasar nan ma yana da nasa tasiri. Gumi a garuruwa masu laima irin Jidda yana sa mariƙi santsi, don haka a riƙe tawul a goge tafi tsakanin harbi. Kada a bar baka a cikin mota da rana, domin zafi yana iya lanƙwasa fikafikansa, wato sassansa na sama da na ƙasa da ake ɗaura wa tsarkiya, ko ya saki gam ɗin da ya haɗa su, a kuma kwance tsarkiya bayan atisaye a riƙa shafa mata kaki saboda ƙura da bushewar iska.