Giyar Kirsimeti a Arewacin Turai: Abin da Sanyi da Duhu Suka Yi da Sha'ir

(An rubuto wannan daga faifan laccar da aka gabatar wa ɗaliban kimiyyar abinci da na aikin gona. An rage maimaici kaɗan.)

Assalamu alaikum. Shugaban zama, malamaina da ke sahun gaba, ɗalibai maza da mata, barkanmu da yamma.

Tun da aka liƙa sanarwar wannan lacca mutum biyu suka tare ni da tambaya iri ɗaya: Malam, me ya haɗa ka da giya? Bari in amsa tun yanzu don mu zauna hankali kwance. Ni Musulmi ne, ban sha ba, ba kuma zan ce wa kowa ya sha ba. Hukuncin addini a kanta a fili yake. Amma sana'ata hatsi ce. Shekara da shekaru ina bin ƙwayar hatsi daga gona zuwa rumbu, daga rumbu zuwa tukunya, kuma duk wanda ya bi sawun sha'ir zuwa arewacin Turai, a bakin gangar giya sawun zai ajiye shi. Akwai wata giya mai kauri, mai duhu, mai ƙarfin maye, wadda ba sa yin ta sai lokacin hunturu domin bikin ƙarshen shekara. Ita nake so mu duba yau, domin tarihin nomansu da dokokinsu da addininsu duk suna cikin wannan ganga.

Mu fara da duhu. A Kano, ranar da ta fi kowace gajarta a shekara, rana tana sama awa 11 da 'yan mintuna. A Oslo, babban birnin Norwe, ranar 21 ga Disamba hasken bai wuce awa 6 ba. In ka ƙara yin arewa zuwa Tromso, daga ƙarshen Nuwamba har tsakiyar Janairu rana ba ta fitowa sam. Ƙasa ta daskare, ba shuka, ba kiwo a waje. Alkama ba ta son irin wannan wuri, sha'ir ne ke jurewa, shi ma damina ɗaya gajera yake samu, a girbe shi a Agusta ko Satumba. Abin da manomi ya zuba a rumbu a wannan kakar, shi ne zai riƙe gidansa har ƙanƙara ta narke. Ku riƙe wannan a ranku, domin in na ce muku mutum ya ɗebi mafi kyawun sha'irinsa ya jiƙa don biki, ku san daga bakin 'ya'yansa ya cire.

To yaya hatsi ke zama zaƙi? Wannan kun san shi tun kafin ku zo jami'a, a tsakar gida kuka gan shi. Mai kunun zaƙi takan dama gasararta da tafasasshen ruwa, ta bar ta ta ɗan huce, sannan ta zuba niƙaƙƙen busasshen dankali ko tsiron hatsi, ta rufe. Da safe kunun da ya yi kauri kamar koko ya tsinke, ya yi zaƙi tun ba a sa sukari ba. Abin da ya faru shi ne, in ƙwaya ta fara tsira tana fitar da wasu sinadarai da muke kira amiles, masu yanyanka sitaci ya koma sukari don ɗan tsiron ya samu abinci. Bature mai giya wannan dabarar yake amfani da ita. Ya jiƙa sha'ir, ya shanya shi ya tsira na 'yan kwanaki, ya busar da shi a kan wuta don ya tsayar da tsiron, ya ɓarza, ya zuba ruwan zafi, ya tace ruwa mai zaƙi. Har zuwa nan babu maye a ciki ko kaɗan. Sai an sa yis, shi ne ke cin sukarin ya mai da shi barasa da iska. In ka yawaita tsiro ka rage ruwa, sukari zai yi yawa, barasa ta yi yawa, kuma wani sukarin ya rage wanda yis ya kasa cinyewa. In kuma ka gasa tsiron sosai, ruwan ya yi ja ko baƙi, ya ɗauki ƙamshin ƙanzo. Kauri da duhu da ƙarfin giyar hunturu ke nan, babu wani sirri. Hatsi ne aka zuba ba tare da ƙyashi ba.

Yanzu ga wurin da nake so mu daɗe. Mutanen Norwe suna da bikin tsakiyar hunturu tun kafin Kiristanci ya je musu, suna kiran sa Yul. A harshensu na da, ba a cewa an yi bikin Yul, cewa ake an sha Yul. A ƙarni na 10 aka yi wani sarki, Hakon, wanda ake wa laƙabi da Nagari. A Ingila ya tashi, can ya zama Kirista, ya dawo ya tarar da jama'arsa suna kan addinin kakanninsu. Marubutan tarihinsu na ƙarni na 13 sun ce bai hana su bikin ba. Ya matsar da shi ya dace da lokacin Kirsimeti, ya kuma sa doka cewa kowane magidanci ya dafa giya ta wani ma'auni na tsiro, in ya ƙi ya biya tara.

Bayansa dokar ta ƙara tsauri. A kundin dokokin Gulatin, na yammacin Norwe, an wajabta wa manoma aƙalla uku su haɗu su dafa giya kafin ranar tunawa da waliyyai a farkon Nuwamba. Sannan mai gida da uwargida su dafa tasu ta daren Kirsimeti, a yi mata addu'a da sunan Almasihu da Maryamu, ana roƙon shekara mai albarka da zaman lafiya. Wanda ya yi hunturu uku a jere bai dafa ba, dukiyarsa duka ta tafi, rabi ga sarki, rabi ga bishop, wato babban limamin coci. In ya ƙi tuba, ya bar ƙasar.

Ku dubi nauyin wannan hukunci. Me ya sa hukuma za ta ƙwace gonar mutum a kan tukunyar giya? Ni a fahimtata, ba giyar ce ta dame su ba. Wancan roƙo na albarkar shekara da zaman lafiya, da shi ake shan Yul tun zamanin gumaka. Coci ta bar kalmomin ta canja wanda ake roƙo. Saboda haka wanda ya ƙi dafawa, kamar ya fito fili ne ya ce ba ya tare da sabon addini, ba ya kuma tare da maƙwabtansa. Ga kuma wani abu da ɗalibin aikin gona zai lura da shi: gidan da ya iya ware sha'ir ya yi tsiro a Disamba, gida ne da rumbunsa ke da rara. Kowa a ƙauyen zai ɗanɗana, kowa zai san yadda kakar wannan gida ta kasance. Mutuncin uwargida da na mai gida yana cikin wannan ƙwarya.

Har yau a wasu ƙauyuka na yammacin Norwe, wajen Voss da Hornindal, ana yin ta a gida. Na taɓa tsayawa a wata rumfar katako a can ina kallo, littafina a hannu. Katuwar tukunyar jan ƙarfe ce a kan wutar itace, an cika ta da ruwa da rassan wani itace mai ƙamshi da suke kira ainer, ruwan ya koma launin shayi, hayaƙi ya cika rumfar har ido na yaji. Da wannan ruwa suke jiƙa ɓarzajjen tsiron, da rassan kuma suke shimfiɗa ƙasan ganga su zama matata. Dattijon gidan ya ɗauko wani zobe da aka sassaƙa da ƙananan katako, duk ya bushe da wani abu kamar ƙullun da ya kwana a jikin ƙwarya. Yis ɗin gidansu ke nan, wanda suke kira kubaik. Daga hannun mahaifinsa ya karɓe shi. Ana tsoma zoben a kumfar giya, a rataye shi ya bushe, sai wata shekara. Da zai jefa shi cikin ganga sai ya ƙwala ihu da iya ƙarfinsa, al'adar da aka gada don korar abin ƙi daga ganga. Abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne wannan yis yana aiki a zafin da ya kusa digiri 40, zafin da zai lalata ɗanɗanon giyar da aka yi da yis ɗin kamfani, kuma cikin kwana biyu ko uku ya gama. Manoma ne suka yi ta zaɓen sa tsawon ƙarnoni, ba su taɓa ganin madubin kimiyya ba. A al'adarsu, ranar 21 ga Disamba, ranar waliyyi Toma, dole giyar ta kasance ta nuna.

Sanyin kansa ma'aikaci ne a wannan sana'a. Da zafi ƙwayoyin cuta kan rigayi yis, giya ta yi tsami. Shi ya sa a Babariya ta ƙasar Jamus aka kafa doka a 1553 cewa ba a dafa giya sai tsakanin 29 ga Satumba da 23 ga Afrilu. Sai a shekarun 1870 Carl von Linde ya ƙera injin sanyaya wuri, kamfanonin giya na birnin Munik suka fara amfani da shi. A 1883 kuma Emil Christian Hansen ya ware tsantsar yis guda a ɗakin binciken kamfanin giya na Carlsberg da ke Denmak. Daga nan aka iya yin kowace irin giya a kowane wata. Dalilin da ya ɗaure giyar hunturu da hunturu ya kau.

Abin da ya rage sai kasuwa ta ɗauka. Stella Artois, wadda yanzu ake sayarwa duk shekara a duniya, a 1926 aka fito da ita a birnin Luben na Beljiyam a matsayin giyar Kirsimeti, kalmar Stella ma tauraro take nufi da Latin. A Zurik ta ƙasar Suwizalan wani kamfani ya fito da Samichlaus, wadda ake dafawa rana ɗaya tak a shekara, 6 ga Disamba, a ajiye ta wata goma, ƙarfinta kashi 14 cikin ɗari. Tun 2000 a Ostiriya ake yin ta. A Denmak kuwa, talla ce ta haifi giyar. Kamfanin Tuborg ya yi wata tallar Kirsimeti da ta shiga ran mutane, sai a 1981 ya fito da giyar da za ta dace da tallar. Daga 1990 ya mai da ranar fitowarta biki. Da farko ranar Laraba ake yi, sai makarantu suka koka cewa ɗalibai ba sa zuwa aji ranar Alhamis, aka mai da ita Juma'ar farko ta Nuwamba, ƙarfe 8:59 na dare. Wannan ya dame ni ƙwarai. Manomin Gulatin iya abin da rumbunsa ya ba shi yake dafawa, in ta ƙare ta ƙare. Kamfani ba shi da rumbun da ke ƙarewa, kuma matasa yake kira.

Akwai ruɗin da ya kamata ku sani a matsayinku na masu kimiyya. A Ingila suna kiran irin wannan giya da sunan da ke nufin mai ɗumama jiki. Barasa tana buɗe ƙananan jijiyoyin jini na fata, jini mai ɗumi ya taso sama, mutum ya ji zafi a fuska da hannu, alhali zafin cikin jikinsa ne ke fita. Wanda ya bugu ya kwanta a waje cikin ƙanƙara yana iya mutuwa yana jin kamar ya ɗumama. Kuma kwalba ɗaya mai kashi 10 daidai take da biyu masu kashi 5, ga zaƙi yana ɓoye ƙarfin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa barasa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a 2019. Su kansu mutanen Norwe sun san haka. Ƙasar da a da take ƙwace gona in ba a dafa ba, yau duk giyar da ta haura kashi 4.7 ba a sayar da ita a kantin unguwa, sai a shagunan gwamnati da ake kira Vinmonopolet. A Suwidin kuma, a 1910, Robert Roberts, wanda ba ya shan giya, tare da ɗansa Harry, suka fito da wani baƙin lemo mai ƙamshin tsiro da ake kira yulmust, don mutum ya samu abin ɗagawa a teburin Kirsimeti ba tare da maye ba. Har gobe in Disamba ta zo shi ne ke cika kantunansu.

Na ga hannu a can baya. Bismillah.

(Wani ɗalibi ya tambaya ko za a iya yin tsiro irin wannan da dawa, tunda sha'ir ba ya yi a nan.)

Madalla da tambaya, ɗana. An ma riga an yi. A 1988 gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir, dole kamfanonin giya da na lemon malt suka koma kan dawa da masara. Irin dawar nan SK5912, da aka inganta a cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, na cikin waɗanda suka dogara da su. Masu burkutu kuma da tsiron dawa suke aiki tun kaka da kakanni. Sai dai dawa tana da halinta. Sitacinta yana buƙatar zafi fiye da na sha'ir kafin ya dahu, kuma ɗaya daga cikin sinadaran nan masu fitar da sukari bai da yawa a tsironta, shi ya sa kamfanoni kan ƙara na saye. Abu na biyu ya fi muhimmanci ga wanda zai gwada a gida don kunun yara ko lemon malt. Kun san yadda makiyayi ke hana shanunsa cin gyauron dawa? Gubar da ke cikin gyauro, ita ce ke cikin ɗan tsiron da saiwarsa. In tsiron ya bushe, sai a murza shi da kyau a sheƙe, har saiwa da kan tsiron su fita duka, sannan a kai niƙa. Ranar Talata in Allah ya kai mu za mu jiƙa mudu biyu a ɗakin gwaji, kaura da farfara, kowa ya zo da littafinsa ya auna tsawon tsiron kullum har kwana biyar.