Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinan Lafiya a Ɗakin Renon Ƙwayoyin Halitta

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai Girma Kwamishina, ranka ya daɗe. Shugabannin sassa, malamanmu, likitoci da ɗalibai, barkanku da zuwa. A madadin ma'aikatan wannan ɗaki muna yi maka maraba, kai da 'yan rakiyarka. Allah ya saka da alheri.

Ranka ya daɗe, aikinmu shi ne renon ƙwayoyin halittar ciwon daji a cikin kwalba, domin mai bincike ya gwada magani a kansu kafin a kai ga dabba, balle ɗan Adam. Ɗaki guda ne, amma masana haɗa magunguna, likitoci da masu nazarin tsirrai duk nan suke kawo aikinsu, domin ba kowane sashe ne zai iya riƙe irinsa shi kaɗai ba.

Ƙwayoyin nan suna zaune a inkubeta mai ɗumin digiri 37, daidai da jikin mutum, da iskar CO2 kashi 5 cikin ɗari. Abincinsu wani ruwa ne ja, DMEM ko RPMI-1640, wanda ake ƙara wa ruwan jinin ɗan tayin saniya kashi 10 cikin ɗari. Ana canza shi duk kwana biyu ko uku. In ya koma ruwan ɗorawa, tsami ya yi yawa: ko dai ƙwayoyin sun cunkushe, ko baktiriya ta shiga. Da zarar sun rufe kamar kashi 80 na ƙasan kwalbar, sai a ɓamɓare su da sinadarin tirifsin na 'yan mintoci, a raba su cikin sababbin kwalabe. Ba su san Juma'a ba, ba su san hutun Sallah ba.

Yanayin Sakkwato kuwa yana da nasa hukunci. Yawancin inkubeta ɗumamawa suke yi, ba sa sanyayawa. A bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, in na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, cikin inkubetar kan zarce 37, aikin wata guda ya lalace a yini ɗaya. Da hunturu kuma ƙura ce ke toshe matatar iskar akwatin da muke aiki a cikinsa, bushewar iska kuma na ƙafar da ruwan ramukan gefe na farantin gwaji mai ramuka 96. Shi ya sa muke cika na gefen da ruwan gishiri kawai, mu yi gwajin a na tsakiya.

Abin da ya fi ba mu tsoro, ranka ya daɗe, shi ne wanda ido bai gani. Akwai wata ƙwayar cuta, maikofilasma, da ba ta gurɓata launin ruwan, ba ta fitowa a madubin likita na yau da kullum, kuma fenisilin bai kashe ta saboda ba ta da ɓawon da yake kai wa hari. Tana nan tana canza halin ƙwayoyin, mai bincike na rubuta sakamakon da ba gaskiya ba. Sai gwaji na musamman, kamar PCR mai gano ƙwayoyin gadonta, ke tona ta. Na biyu shi ne cakuɗuwa. Ƙwayoyin HeLa, waɗanda aka ɗebo daga sankarar bakin mahaifar Henrietta Lacks a asibitin Johns Hopkins na Amurka a 1951, suna da saurin yaɗuwa ƙwarai. A 1966 Stanley Gartler ya nuna cewa ƙwayoyi da dama da ake renonsu da wasu sunaye ashe HeLa ce ta mamaye su. Don haka doka ce a nan: kowace sabuwar ƙwaya sai an killace ta an gwada, kuma ba a buɗe iri biyu a akwati lokaci guda. Wanda ya ce yana aiki da MCF-7 ta sankarar mama, to lallai ita ɗin ce.

Wannan ya shafi masu kawo mana ruwan ganyen sabara ko zogale. Ganye ya kashe ƙwayar daji a kwalba bai zama magani ba, tunda ruwan bilic ma na kashe ta. Dole a gwada shi a kan lafiyayyun ƙwayoyi, a kuma tabbatar sinadarin DMSO da aka narkar da ganyen a cikinsa bai wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba, in ba haka ba shi ne ya yi kisan.

Roƙonmu, ranka ya daɗe, ba sabuwar na'ura ba ce. Muna roƙon wutar sola da batura ga inkubeta da firizar da ke riƙe digiri 80 ƙasa da sifili. Muna roƙon tsayayyen kasafi na ruwan naitirojin, wanda ke adana irin ƙwayoyinmu a digiri 196 ƙasa da sifili. Ƙafewa yake yi kullum ko ba a buɗe tukunyar ba, kuma in ta bushe an rasa irin baki ɗaya. Sai ƙwararrun ma'aikata na dindindin, domin ɗalibai kammalawa suke yi su tafi.

Yanzu za mu shiga ciki. Muna neman afuwa: mutum uku-uku za a shiga, kowa da farar riga da safar hannu, babbar riga da takalma kuma a bar su a bakin ƙofa. Bismillah, ranka ya daɗe.