Baƙin allo da gajimare: yadda ake gina manhajar waya da rubutaccen umarni

An gabatar da wannan lacca ga matasa masu koyon haɗa manhaja a wani ɗakin taro cikin birnin Katsina. Daga faifan da aka naɗa aka kwafo ta, an rage maimaici da doguwar gaisuwa.

Assalamu alaikum warahmatullah. Malamaina da ke zaune a gaba, ƙannena maza da mata, barkanmu da war haka.

Tun da aka haska wannan baƙin allon a bango na ga wasu sun fara satar kallon ƙofa. Ku zauna, ba ya cizo. Babu hoto a cikinsa, babu maɓallin latsawa, sai wani ɗan layi da ke ƙyaftawa yana jiran ka rubuta masa abin da kake so. A nan ake rubuta wa kwamfuta umarni, kuma ina so in nuna muku cewa mu da muke aiki da data ta awo da wutar da ba ta da alƙawari mun fi kowa buƙatarsa.

Abin ba sabo ba ne. A 1969 Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara Unix, wani tsarin sarrafa kwamfuta, a Bell Labs da ke Amurka, kuma da rubutu ake magana da shi. Bash, shirin da ke karɓar umarni a wannan allon, wanda yawancinku za ku tarar in kun buɗe Linux, tsarin da ya bi sawun Unix, ya fito a 1989. An yi ta ƙirƙiro allo mai launi da linzami da taɓa-fuska, amma masu gina manhaja ba su saki wannan ba. Dalili ɗaya ne babba: abin da ka latsa ya tafi, abin da ka rubuta yana nan. Tela biyu ne, ɗaya ka nuna masa da hannu ka ce rigar ta tsaya nan, ɗaya ya auna ka ya rubuta a littafi. Sallah mai zuwa na farko sai ka koma da kanka ka sake nuni, na biyu ko yaron shagonsa ne zai buɗe littafi ya yanka. In ka shiga shafin kamfani ka latsa wurare ashirin kafin sabarka, wato kwamfutar da ke amsa wa manhajarka ta intanet, ta tashi, bayan wata uku ba za ka tuna ko biyar ba. In kuwa umarni ne, danna kibiyar sama ya dawo, ko ka rubuta history ya jero maka duk abin da ka yi, ko ka zuba su a fayil guda ka miƙa wa abokin aikinka.

Shi kuma gajimare, kada sunan ya ruɗe ku. Kwamfutoci ne jibge a manyan gine-gine masu sanyi, kamfani ya saya, kai kana haya. Amazon ne ya buɗe wannan kasuwa sosai a 2006, da S3 na ajiya da EC2 na hayar saba. Sai a Afrilun 2020 ya buɗe cibiyarsa ta farko a Afirka, a Cape Town. Google ya buɗe tasa a Johannesburg a farkon 2024. Wato duk lokacin da wata baiwar Allah a Ƙofar Marusa ta danna manhajarka, saƙon zai bi eriya, ya gangara Legas, ya shiga wayar da ke ƙarƙashin teku, ya je Turai ko Afirka ta Kudu, sannan amsa ta biyo sawu. Kun tuna ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin teku huɗu suka samu matsala a gaɓar Yammacin Afirka, intanet ya yi ta rarrafe, tura kuɗi ya gagara? Mu nan ma mun ga namu a 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda tsaro. Wanda zai gina wa mutanen Batsari ko Safana manhaja bai kamata ya ɗauka sabis na nan kullum ba.

Bari mu kama aiki ɗaya mu bi shi har ƙarshe. A ce uwar adashe ce take son manhaja. Tana da masu zubi, tana son ta san wa ya zuba, wa ya yi fashi, wa ke da ɗiba wannan makon, kowacce mai zubi kuma ta ga lissafinta a wayarta.

Zan yi amfani da Flutter, kayan gina manhaja, a ɓangaren waya, da Firebase, sabar haya da aka riga aka shirya, a ɓangaren gajimare. Duka na Google ne. Google ya sayi Firebase a 2014, Flutter kuma sigarsa ta farko cikakkiya ta fito a Disambar 2018. Ba talla nake musu ba, Amazon na da nasa mai suna Amplify, kuma tsarin tunanin ɗaya ne.

Umarni na farko shi ne flutter doctor. Zai duba injinka ya faɗa maka abin da ke akwai da abin da babu. Ku karanta abin da ya ce. Rabin tambayoyin da ake turo mini a WhatsApp amsarsu tana cikin jan rubutun da mai tambayar ya ɗauki hotonsa bai karanta ba. Daga nan sai flutter create adashe, ya gina maka folda da duk ƙashin bayan manhajar. Ka ɗauko wayarka, Tecno ce ko Infinix ko itel, ka shiga saiti, ka nemo lambar ginin waya ka taɓa ta sau bakwai, ƙofar masu haɗa manhaja ta buɗe. Ka kunna izinin kebul, ka jona ta da kwamfuta, ka rubuta flutter run. Manhajar za ta tashi a tafin hannunka. Wannan ya raba ka da wayar bogi da ake kunnawa cikin kwamfuta, wadda ke shanye ƙwaƙwalwar inji. Mai tsohuwar laftof ba sai ya buɗe Android Studio yana jira tana nishi ba. Akwai kayan Android na layin umarni zalla, da sdkmanager za ka sauke iya abin da kake buƙata.

Gaskiya ɗaya dai, ginin farko yana cin data, domin Gradle, shirin da ke harhaɗa manhajar Android, zai sauke kaya masu yawa. Amma sau ɗaya ne, yana ajiye su. Ku yi shi inda kuka sami intanet mai arha, ko da dare. Bayan nan flutter pub get --offline zai ɗauko daga abin da ke cikin injin.

Kafin ka ƙara ko harafi ɗaya, rubuta git init. Linus Torvalds ne ya rubuta Git, shirin da ke adana tarihin canje-canjen aikinka, a 2005, kuma abin da ya sa nake ƙaunarsa shi ne ba ya neman intanet kafin ya adana aikinka. Duk inda ka kai wani mataki, git add, git commit, ka rubuta abin da ka canza. Ko da Hausa ne, ba ruwansa. In ka ɓata aiki gobe, jiya tana nan.

Yanzu gajimare. Da npm install -g firebase-tools za ka sauke kayan aikin, firebase login ya gane ka, firebase init ya yi maka 'yan tambayoyi. Ku dubi abin da ya bari a foldar: firebase.json, da firestore.rules, da firestore.indexes.json. Fayiloli ne na rubutu, Firestore ɗin da kuke gani a sunayensu kuma shi ne rumbun bayanan Firebase. Tsarin sabarka ya zama abin da za ka buɗe ka karanta, ka sa a Git, ka kwafa a filash. Sai flutterfire configure ya ɗaura wayar da sabar.

A nan nake so ku gyara zama. Akwai umarni guda, firebase emulators:start. Yana tayar da kwatankwacin sabar Google a cikin laftof ɗinka: rumbun bayanai, rajistar masu shiga, duka. Yana buƙatar Java, kuma ranar farko zai sauke kayansa. Daga nan ko ka kashe data yana aiki. Ka buɗe burauza ka rubuta localhost:4000, ga rumbun adashenka, ka ƙirƙiri masu zubi na ƙarya, ka zuba, ka goge, ka rushe, ka sake ginawa. Ba kobo. A ganina duk wanda ke koyo a Katsina ya kamata mafi yawan aikinsa ya ƙare a nan, ya hau gajimaren gaske sai ranar da abu ya nuna.

Me ya sa nake nanata kuɗi? Domin haya ce mai mita. Firebase na da tsarin kyauta mai suna Spark, inda Firestore ke ba ka karatu 50,000 da rubutu 20,000 a rana. Za ka ji kamar teku ne. To yi lissafi. A ce masu zubi 300 ne, kuma ka gina manhajar ta yadda duk wadda ta buɗe sai ta jawo tarihin zubi guda 200. Buɗewa ɗaya-ɗaya kawai ya kai 60,000, ka wuce iyaka kafin la'asar. A tsarin kyauta manhajar za ta daina amsawa sai gobe. A tsarin biya, Blaze, wanda sai da kati, ba za ta tsaya ba, mita ce za ta ci gaba da juyawa, kuma da dala. Akwai ƙararrawar kasafi da za ka saita, amma ku ji da kyau, sanar da kai take yi, ba ta rufe famfo. Maganin yana wajen gini: jawo ashirin na ƙarshe kawai, in ana son ƙari a nema.

Sai batun amana, wanda ya fi kuɗin nauyi. Wancan fayil, firestore.rules, shi ne mai gadin ƙofa. Lokacin da kake buɗe rumbu za a ba ka zaɓin yanayin gwaji, wanda ke barin kowa a duniya ya karanta ya rubuta har kwana 30. Da wa'adin ya cika manhaja ta daina aiki, sai yaro ya shiga ya ƙara shekara biyar a kan ranar, ya ce ya gyara. Bai gyara ba, ƙofar ya cire. Sunayen matan aure ne a ciki, da lambobinsu, da abin da kowacce ta tara ba tare da kishiya ta sani ba. Ƙa'idar da ta dace gajera ce: mai zubi ta ga nata kaɗai, uwar adashe ce kawai ke rubutawa. Ka gwada ta a kwatankwacin sabar da ke injinka, ka shiga da sunan wata ka yi ƙoƙarin leƙa na wata, in ya hana ka sai ka rubuta firebase deploy --only firestore:rules. Kuma ba ladabi ne kawai ba, doka ce. Tun Yunin 2023 Najeriya ke da dokar kare bayanan jama'a, da hukumar NDPC da ke sa ido.

Abu biyu a gurguje. Inda ka zaɓa rumbunka ya zauna, Turai ko wani wuri, ba ya canzuwa bayan an kafa shi, don haka kada ka danna na farko da ka gani. Sannan Firestore a kan Android yana riƙe bayanai a waya in sabis ya ɗauke, ya tura su in ya dawo. Hajiya za ta iya rubuta zubi a ƙauye, in ta shigo gari ya hau.

Fitar da manhaja kuma, flutter build apk --split-per-abi zai ba ka fayil uku maimakon ƙato guda, kowanne da irin injin wayar da ya dace da shi, kuma kowanne ya fi sauƙin turawa ta Xender. In Play Store za ka, flutter build appbundle ne, domin tun Agustan 2021 shi suke karɓa daga sabbin manhajoji. Rajista dala 25 ce sau ɗaya, ta Apple dala 99 duk shekara. Akwai mabuɗin sa hannu da za ka ƙirƙira da keytool. Ka ɓoye shi wuri biyu, kada ka sa shi a GitHub, shafin intanet da ake ajiye ayyukan Git. In hannu da hannu kake rabon manhaja kuma mabuɗin ya ɓata, sabuwar siga ba za ta hau kan tsohuwa ba, sai kowa ya goge tasa tukuna.

Gargaɗi ɗaya game da allon kansa. Ba ya tambayar ko ka tabbata. Umarnin rm -rf yana share folda da duk abin da ke cikinta, kuma babu kwandon shara da za ka je ka tono. Kada ku kwafo umarni daga intanet, ko daga waɗannan manhajojin masu amsa tambaya, ku liƙa ba ku san me yake yi ba. Kusan kowane umarni in ka bi shi da --help zai gaya maka aikinsa.

Na ga hannu a baya. Bismillah, ƙanwata.

Ta ce: Malam, mu da ba mu da laftof fa, sai waya?

Tambaya mai kyau. Akwai manhaja mai suna Termux, tana ba ki wannan baƙin allon a wayar Android, kuma daga F-Droid, wata kasuwar manhajoji ta kyauta, aka fi saukar da ita. A ciki za ki sa Git da kayan rubuta shirye-shirye irin su Node da Python, ki koyi shiga folda da fita, ki rubuta ƙananan shirye-shirye, ki tura aiki GitHub. Ba zan ce miki gina manhajar Flutter a waya abu ne mai daɗi ba, wahala ce. Amma akwai hanya: GitHub Actions. Kina rubuta umarnin ginin a fayil guda cikin aikinki, duk lokacin da kika tura, kwamfutarsu ce za ta gina, ke ki sauke fayil ɗin da ya fito ki sa a waya. Ga aikin da kika bari a buɗe kowa na gani, kyauta ne. Kin ga amfanin abin da aka rubuta ke nan, injin wani ma zai iya karanta shi ya aiwatar.

Wani ɗan'uwa ya ce: Ranka ya daɗe, in muka haddace waɗannan umarnin sai kamfanin ya canza su fa?

Zai canza, ƙanena. Masu Amplify sun yi shekaru suna rubuta amplify init da amplify push, a 2024 Amazon ya fito da sabon tsari, aka koma npx ampx sandbox. Shi ya sa ban ce ka yi hadda ba. Ka buɗe fayil a cikin aikinka, README ake ce masa, duk umarnin da ya yi maka aiki ka rubuta shi a ciki tare da layi ɗaya na bayanin abin da yake yi, da lambar sigar da ka yi amfani da ita, wadda flutter --version da firebase --version za su ba ka. Ranar da suka canza, layi biyu ko uku za ka gyara. Masu Windows kuma ku tsaya bayan an tashi, akwai WSL da ke sa Linux cikin injinku, zan nuna muku yadda ake kunna shi, amma ku zo da cajinku.