Takardu 109 da suka fito daga wannan titin na Ottawa

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kallo, barkanmu da war haka. Yau ina birnin Ottawa na ƙasar Kanada, a wani ɗan lambu da ake kira Dundonald, kan titin Somerset. Bari in juya kyamara. Kun hango wancan benen a tsallaken titi, mai lamba 511? Nan Igor Guzenko ya zauna da matarsa da ɗansu ƙarami.

Saurayi ne ɗan shekara 26, ma'aikaci a ofishin jakadancin Tarayyar Sobiyet, aikinsa mayar da saƙonnin sirri zuwa lambobi kafin a aika da su Mosko. Ranar 5 ga Satumba 1945, kwana uku kacal da Japan ta sa hannu kan miƙa wuya, ya fito daga ofis da takardu 109 ɓoye a jikinsa. Takardun sun nuna Sobiyet na da 'yan leƙen asiri a cikin ma'aikatun Kanada, har da wurin binciken makamin nukiliya.

To, nan ne labarin ya fi tsaya mini a rai. Bawan Allah ya je gidan jarida, aka sallame shi. Washegari ya ja matarsa mai ciki da yaronsu zuwa ma'aikatar shari'a, nan ma ba wanda ya karɓe su. Firaminista Mackenzie King ba ya son ɓata da Sobiyet, domin jiya-jiya tare aka yaƙi Hitila. Sai da dare ya yi, mutanen ofishin jakadancin suka ɓalle ƙofar gidansa, shi kuma yana laɓe da iyalinsa a wajen maƙwabta, sannan hukuma ta farka. 'Yan sandan da aka sa su lura da gidan, a cikin wannan lambun da nake tsaye suka zauna.

Daga nan lissafi ya juya gaba ɗaya. King ya tafi da kansa ya sanar da shugaba Truman a Amurka da firaminista Attlee a Ingila. A Fabrairun 1946 aka kafa kwamitin bincike na alƙalai biyu, Kellock da Taschereau, wanda rahotonsa ya nuna yawancin waɗanda aka ja cikin harkar aƙidar kwaminisanci ce ta ja su fiye da kuɗi. Alan Nunn May, masanin kimiyya ɗan Ingila, an yanke masa ɗaurin shekara 10. Fred Rose, ɗan majalisar Kanada daga birnin Montreal, shekara 6.

Barazanar gaskiya ce, ban musa ba. Amma abin da aka yi ranar 15 ga Fabrairu yana ci mini tuwo a ƙwarya. Da asuba aka kwashe mutanen da ake zargi, aka tsare su makonni ba tuhuma, ba lauya, da dokar lokacin yaƙi, alhali yaƙin ya ƙare. Da aka je kotu, da dama daga cikinsu aka wanke su, amma suna ya riga ya ɓaci. Ku tuna da matansu da 'ya'yansu a waɗannan makonnin.

Shi kuwa Guzenko, ya ƙare rayuwarsa da sunan aro, in zai fito a talabijin sai ya rufe kansa da ƙyalle. Ya rasu a 1982. Ga allon tarihinsa nan da gwamnati ta kafa, bari in matso da ku kusa ku karanta kafin rana ta faɗi.