Daga Zango Zuwa Sansani: Tsara Matsugunin Waɗanda Bala'i Ya Raba da Gidajensu

Wannan lacca an gabatar da ita ne a wani zaman matasa masu aikin sa-kai a unguwar Nima da ke Accra, aka rubuto ta daga muryar da aka naɗa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu sarakunan zango, malamanmu, iyaye mata, da ku matasa da kuka haɗa wannan zama, ina gaishe ku, ina kuma neman afuwar malamai idan harshe ya yi mini tuntuɓe a gabansu.

An nemi in yi bayani a kan yadda ake tsara sansanin mutanen da yaƙi ko ambaliya ta raba da muhallinsu, da yadda ake tafiyar da shi. Zan fara da sunan da muke kiran unguwanninmu. Zango a asalinsa wurin da ayari yake sauka ne, ya kwana ɗaya ko biyu, a shayar da jakuna, gari ya waye madugu ya ce a ɗaura kaya. Kakanninmu fatake da suka bi hanyar Gwanja zuwa Salaga neman goro ba su sauke kaya da niyyar zama ba, amma ga shi yau jikokinsu ne suka cika wannan ɗaki. Haka lamarin sansani yake. Ranar da za a kafa shi kowa cewa yake na wata uku ne, kuma da wuya ka ga ya tashi a wata ukun.

Ba sai mun je nesa ba. Wanda ya bi hanyar Cape Coast ya wuce Kasoa zai tarar da Buduburam, inda aka sauke 'yan gudun hijirar Laberiya a 1990. Akwai lokacin da mazauna wurin suka haura 40,000, kuma ko da aka janye wa 'yan Laberiya matsayin gudun hijira a 2012, wurin ya riga ya zama gari mai makarantu da kasuwa da yaran da aka haifa a ciki har suka yi aure. Dadaab ta ƙasar Kenya an tsara ta ne domin mutum 90,000 a farkon shekarun 1990, amma a 2011 mutanen cikinta sun wuce 400,000. A nan cikin Accra kuwa, Old Fadama ta ƙara cika ne da waɗanda suka guje wa rikicin Konkomba da Nanumba na 1994, ba wanda ya auna musu fili ko ya fitar musu da hanya, kuma duk mun san abin da ruwa da wuta suke yi wa wannan unguwa ta bakin tafkin Korle. Saboda haka abin da aka yanke a makon farko, da shi mutane za su zauna shekara da shekaru.

Magana ta farko ita ce fili, kuma kafin a duba ƙasar wurin sai an san mai ita. A Ghana mafi yawan filaye suna hannun sarakunan gargajiya da dangogi ne, ba gwamnati ba. Lokacin da Malam Bako zai kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20, sai da ya nemi wurin a hannun sarakunan Ga, sannan ya yanka wa mutane. Wanda ya kafa tantuna bisa amincewar baki kawai, ba takarda, ba shaidu, ba a faɗi tsawon lokaci ba, to ya jira ranar da magada za su zo su ce suna son gonarsu, lokacin kuwa an riga an haƙa rijiyar burtsatse an gina asibiti.

Bayan wannan sai a dubi yanayin ƙasar. Kuskuren da aka fi yi shi ne a je duba fili da rani, a ga shimfiɗaɗɗen wuri ba kowa a kai, a yi murna. Ya kamata mutum ya tambayi kansa dalilin da ya sa mutanen garin suka bar wurin ba gini ba shuka, domin galibi amsar ita ce fadama ce, da damina tafki take komawa. Tsohuwar da ta shekara hamsin a ƙauyen ta fi taswira sanin inda ruwa yake kwanciya. Ana son wuri mai ɗan gangare, abin da bai gaza kashi 1 cikin 100 ba don ruwa ya samu hanyar wucewa, bai kuma wuce kashi 5 ba don kada ya zaizaye ƙasa ya tafi da tantuna. Ana son ƙasar da take shan ruwa kuma take haƙuwa, wadda ruwan ƙarƙashinta bai taso kusa ba, saboda gindin ramin masai dole ya tsaya aƙalla mita ɗaya da rabi sama da ruwan ƙasa. Idan kuma masu gudun sun tsallako iyaka ne, yarjejeniyar ƙasashen Afirka ta 1969 ta ce a zaunar da su nesa da iyakar, kuma abin da aka saba aunawa shi ne kimanin kilomita 50, don kada abin da suka gudu dominsa ya biyo su.

Wannan batu na haƙuwar ƙasa kada ku ɗauke shi ƙarami. A watan Yuli na 1994 dubban ɗaruruwan 'yan Ruwanda suka kwarara zuwa Goma, a ƙasar da ake kira Zayar a lokacin, suka sauka a kan dutsen da aman wuta ya daskarar, inda ba a iya haƙa masai, ba a iya haƙa kabari. Ruwan tafkin Kivu da kowa yake sha ya gurɓace, kwalara da atini suka ɓarke, cikin wata ɗaya aka rasa mutane kimanin 50,000. Binciken da aka yi bayan wannan musiba shi ya kai ƙungiyoyin agaji ga kafa ƙa'idojin da ake kira Sphere a 1997, kuma alƙaluman da zan faɗa yanzu daga cikinsu suke.

Mu ɗauka an ce muku ga mutum 1,000 suna tafe. Kowane mutum ana lissafa masa murabba'in mita 45 na faɗin sansanin gaba ɗaya, har da hanyoyi da makaranta da wurin shan magani da ɗan lambu, wato kuna bukatar hekta huɗu da rabi, filin ƙwallo shida ke nan da 'yan kai. A cikin ɗaki ko tanti kowa yana da murabba'in mita uku da rabi. Ruwa lita 15 ga kowane mutum a yini, na sha da girki da wanka duka, abin da bai cika galan ɗin Kufuor ɗaya ba, wato jarkar robar nan da ake ɗebo ruwa da ita, kuma ni a ganina inda jama'a Musulmi ne sai an ƙara, domin alwala sau biyar da tsarki ba su jiran tanka. Kada famfo ya yi wa kowane ɗaki nisan da ya wuce mita 500, kada kuma mutum ya wuce rabin awa a layi. Masai ɗaya na mutum 20 ne, hamsin ke nan ga mutum dubun nan, ko da yake a kwanakin farko ana haƙuri da ɗaya ga mutum 50 kafin a cike sauran. A nisanta shi da rijiya aƙalla mita 30, amma kada ya wuce mita 50 daga ɗakunan masu amfani da shi.

A nan zan ɗan tsaya, domin lissafi yana iya cika amma aiki bai yi ba. A wani sansani da na yi aiki mun gina bandakuna daidai adadin da littafi ya ce, muka jera su a gefe guda, na maza da na mata suna kallon juna, hanyar zuwa kuma ta bi ta gaban rumfar da samari suke zama. Bayan mako biyu muka lura na matan tsaf suke kamar ba a taɓa shiga ba, bayan tantuna kuwa ba ya takuwa. Da muka sa wata dattijuwa ta tambaya, sai matan suka ce kunya ba ta barin su wucewa da buta da rana, da dare kuma ba fitila, ƙofar ba sakata. Laifin namu ne, domin ba mu tambaye su ba kafin mu haƙa ramin farko, kuma gyaran ya ci kuɗin da ya fi na sakata da fitila nesa ba kusa ba.

Jera tantuna layi-layi kamar barikin soja yana da daɗin gani daga sama, amma ba haka mutane suke zama ba. Abin da ya fi shi ne a haɗa gidaje kimanin 16 su kewaye tsakar gida ɗaya, 'yan gari ɗaya ko dangi ɗaya wuri guda, yadda uwa za ta ga ɗanta yana wasa tana girki, baƙon ido kuma ba zai shigo ba a gan shi ba. Tsakanin tanti da tanti a bar aƙalla mita biyu, kuma bayan kowace mita 300 ta gine-gine a bar fili mai faɗin mita 30 wanda ba a gina komai a kai, saboda gobara, musamman da hunturu. Wannan fili kullum sai an yi faɗa a kansa, domin duk wanda ya zo daga baya gani yake an bar wuri a banza.

Tafiyar da sansani kuwa hannu uku ne. Tsaro da doka da fili na gwamnati ne, wato a nan Ghana hukumar agajin gaggawa ta NADMO idan bala'in na cikin gida ne, ko Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Ghana idan baƙi ne daga waje, kamar 'yan Burkina Faso da aka saukar a Tarikom ta yankin Bawku. Daidaita ƙungiyoyi aikin wasu ne, inda a 2005 aka ba UNHCR, hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, jagoranci idan rikici ne, hukumar ƙaura ta duniya IOM kuma idan ambaliya ce ko makamancinta. Na uku shi ne mai kula da sansanin yau da gobe, wanda yake riƙe da rajistar mazauna, ya san masu juna biyu da tsofaffi da marayu, ya tabbatar an yi wa yara rigakafin ƙyanda tun kwanakin farko, ya kuma kafa kwamitin mazauna da mata suke da bakin magana a cikinsa. Kada ya manta da masu masauki. Idan 'yan gari suka ga tankar ruwa tana wuce su kullum zuwa sansani alhali rijiyarsu ta ƙafe, itacen dajinsu kuma yana ƙarewa, zaman lafiya ba zai daɗe ba, shi ya sa ake kafa famfo da asibiti inda kowane ɓangare zai amfana.

Mu a Accra abin da ya fi kusa da mu shi ne mafaka ta 'yan kwanaki a makaranta ko masallaci. Mun ga ambaliya da gobarar daren 3 ga Yuni 2015 a Circle, mun kuma ga abin da ya faru bayan an fara sakin ruwan madatsar Akosombo a watan Satumba na 2023, lokacin da fiye da mutum 25,000 suka bar gidajensu a Mepe da garuruwan da ke kewaye, azuzuwa suka koma ɗakunan kwana, karatun yara ya tsaya. Makarantar da aka gina wa ɗaliban yini ba ta da bandaki ko ruwan da zai ɗauki iyalai dare da rana. Shi ya sa ita kanta UNHCR tun 2014 ta ce sansani shi ne zaɓi na ƙarshe, kuma sau da yawa tallafa wa maigidan da ya sauki baƙi a ɗakunansa, kamar yadda zango ya saba yi, ya fi kafa tanti araha da mutunci.

Abin da nake roƙon ku matasa shi ne, kafin ruwan watan Mayu ya sauka, ku zaga Nima da Mamobi ku rubuta kowace makaranta da kowane masallaci da yake kan tudu nesa da babbar kwata, da yawan ɗakunansa da bandakunansa, da ko yana da tankin ruwa, da wanda makulli yake hannunsa. Ku raba murabba'in mitocin kowane ɗaki da uku da rabi, ku san mutum nawa zai ɗauka, sannan ku kai kwafi ɗaya wa sarki, ɗaya kuma ofishin NADMO na gunduma. Na ji an kira la'asar, masu tambaya sai bayan mun idar.