Amsoshin Tambayoyinku: Soja zai iya ƙin a gwada magani a jikinsa?

Mai gabatarwa: Jama'a assalamu alaikum. Wasiƙu sun taru, lokaci kuma kaɗan ne. Wani bawan Allah daga Jega yana tambaya ko allurar rigakafin da ake yi wa kurata ita ma gwaji ce.

Likita: A'a. Wannan an gama gwada ta, hukuma ta amince da ita. Gwaji shi ne abin da ba a gama sanin amfaninsa ko illarsa ba.

Mai gabatarwa: Malam na Yawuri, shafi uku ka aiko, gaisuwa ta cinye biyu da rabi, Allah ya bar zumunci. Ka tambaya ko akwai dokar da ta hana a yi gwaji a jikin mutum ba da yardarsa ba. E, akwai doka: Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce ba a bincike a jikin mutum sai ya amince a rubuce. Sai wata uwa daga Zuru, garin sojoji, kuma da yawa sun yi irin tambayarta. Ta ce ɗanta an horar da shi kan bin umarni, in oga ya ce a zo gwaji, ina ya ga bakin ƙi?

Likita: Inna, kin taɓo inda ke ciwo. A 1947, bayan shari'ar likitocin gwamnatin Nazi ta Hitler a birnin Nuremberg na Jamus, ƙa'idar farko da aka kafa ita ce sai da yardar mutum, ba tilas ba yaudara. Amma a 1953, a Porton Down, cibiyar binciken makamai masu guba ta Ingila, aka ɗiga wa wani sojan sama ɗan shekara 20, Ronald Maddison, gubar sarin a hannu, ya mutu. Sai a 2004 aka yanke cewa kisa ne ba bisa doka ba. A Amurka ma, a sansanin soja na Edgewood…

Mai gabatarwa: Likita, Inna fa a kan ɗanta take tambaya.

Likita: To, Inna, zai iya ƙi. Ina maimaitawa, zai iya ƙi. Gwaji ba fareti ba ne. Matsalar ita ce "e" ɗin da kurtu ya faɗa kwamanda na tsaye a kansa, a ganina ba yarda ba ce. Shi ya sa sojan Amurka suka hana shugabanni zama wurin da ake neman masu sa kai. Kafin ya sa hannu, a karanta masa takardar da harshen da yake ji: me za a ba shi, sau nawa, jini nawa za a ɗiba, wace illa aka sani, wa zai biya magani in ya cutu. Ya nemi shaidar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, wato masu tantance gwajin kafin a fara don kare waɗanda za a yi wa. Ya karɓi kwafinsa. Wanda bai iya karatu ba, sai da shaida da ba ya cikin masu binciken kafin ya dangwala. In ya fara ma, yana iya janyewa, ba hukunci, ba hana ƙarin girma.

Mai gabatarwa: Ku kuma masu sa hannu ba karatu, don Allah ku daina. Na Argungu yana tambaya, batun kuɗin da ake ba masu shiga gwaji fa?

Likita: Kuɗin mota da na ɓata lokaci ba laifi. In ya yi yawan da zai rufe wa mutum ido daga haɗari, kwamitin bai kamata ya yarda ba.

Mai gabatarwa: Lokaci ya cika, sauran wasiƙu sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.