Lacca kan ziyarar Fadar Hisham da gidan tarihinta a Yariko

Assalamu alaikum, jama'a. Yau za mu yi magana kan Khirbat al-Mafjar, wadda aka fi sani da Fadar Hisham, a arewacin Yariko, garin da Larabawa ke kira Ariha, a Yammacin Kogin Jordan. Gini ne na daular Banu Umayya, na farkon ƙarni na 8. Halifa Hisham ɗan Abdul Malik ya yi mulki daga 724 zuwa 743, kuma an tsinci ɗan guntun dutse mai ɗauke da sunansa a wurin. Sai dai Robert Hamilton, wanda ya yi aikin haƙa tare da masanin Falasɗinu Dimitri Baramki tsakanin 1934 da 1948, yana ganin Walid na Biyu, ɗan ɗan'uwan Hisham, shi ya gina ta.

Yariko tana ƙasa da matakin teku da fiye da mita 250, zafin bazararta kuwa ba a magana. A je da sassafe, ko tsakanin Nuwamba da Maris, da ruwan sha a hannu.

Ina ba ku shawara ku fara shiga ƙaramin gidan tarihin da aka buɗe a harabar a 2014 kafin ku nufi kangon. Ku tsaya kan tukwane da fitilun yumɓu da tsabar kuɗi. An daɗe ana cewa girgizar ƙasar shekarar 749 ce ta kashe wurin. Tukwanen nan su suka ƙaryata hakan, domin akwai na zamanin Abbasiyawa da yawa, alamar mutane sun ci gaba da zama bayan rushewar.

Daga nan sai zauren wanka, wanda shi ne zuciyar ziyarar. Murabba'i ne, kowane ɓangare kusan mita 30, da ginshiƙai 16. Daɓensa na ƙananan duwatsu masu launi ne, faɗinsa ya haura murabba'in mita 800, an raba shi gida 38, kowanne da nasa zane, kuma launukan na duwatsun ne kansu, ba fenti ba. Shekaru da yawa yana binne ƙarƙashin yashi don kariya, har aka gama rumfar da Japan ta ɗauki nauyinta, aka buɗe shi ga jama'a a 2021. Ana kallonsa daga gadojin da aka ɗaga sama. Kada a sauka, kada a yayyafa ruwa wai don launi ya fito a hoto.

Me ya sa nake nanata batun ruwa? Irin wannan daɓe hawa-hawa ne: tsakuwa a ƙasa, sai kwaɓin farar ƙasa mai kauri, sai siriri wanda aka dasa duwatsun a kai. Danshi idan ya taso yana tafe da gishiri, kamar yadda yake cinye gindin katangar ƙasa a gidajenmu. Ruwan ya bushe, gishirin ya daskare ya kumbura, sai ya raba hawan sama da na ƙasa. Dutse ɗaya ya fita, maƙwabtansa sun rasa majingina, ramin ya yi ta faɗi. Shi ya sa masu gyara ke toshe gefen kowane gibi da kwaɓin farar ƙasa. Siminti ba ya yi, don ya fi dutsen tauri, ga shi da nasa gishirin.

A kusurwar zauren akwai ɗakin ganawa da baƙi, inda aka yi zanen wata bishiya a daɓe da ƙananan duwatsu: barewa biyu na kiwo a hagu, zaki ya danne ta uku a dama, gefen kuma an yi masa tuntaye kamar darduma. Ku leƙa ɗakunan zafi ma, inda aka ɗora daɓe kan gajerun ginshiƙan bulo don zafin wuta ya ratsa ta ƙasa.

Abin da ba za ku gani a Yariko ba shi ne yawancin sassaƙen filastar fadar, har da mutum-mutumin halifa tsaye kan zakuna biyu. Lokacin mulkin Ingila aka kwashe su zuwa Gidan Tarihin Rockefeller da aka buɗe a Kudus a 1938. Tun 1967 gidan yana hannun Isra'ila, kuma Bafalasɗinen Yariko sai da takardar izini zai isa Kudus ya gan su. Wanda ya samu hali ya haɗa wuraren biyu a tafiya ɗaya, ya fara da Yariko.

To, masu tambaya, bismillah.